Ƙwayar Dakta

Yaya na durƙushe a gaban Baba, ƙafarsa ta hagu a kan cinyarta, tana fama da farcen babban yatsansa da ya yi tauri kamar ƙaho. Shi kuwa idonsa ya tsallake kanta, yana can wajen Auta, ƙanwarta, da ke zaune a kujerar baƙi tana kwatance da hannu a iska.

"Sake faɗa, Dakta," in ji Baba. "Sake faɗa mai aski ya ji da kunnensa."

Mai aski, abokin Baba tun suna samari, ya ajiye kofin shayinsa ya miƙo wuya.

Auta ta yi dariya. "Otofaji, Baba. Ma'anarsa cin kai. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana tara tarkace, abubuwan da suka tsufa suka lalace. Sai ta share su, ta narkar, ta gina sabo da su. Ni aikina in duba yadda wannan sharar take gudana a bangon babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, irin wadda ta kumbura a ƙirjinka. In sharar ta tsaya, bango ya yi rauni. In ta yi yawa kuma, ƙwayar ta cinye kanta, bango ya sake yin rauni. Tsakiyar muke nema, har yanzu ba mu same ta ba."

"Ka ji ko?" Baba ya dubi abokinsa, fuskarsa kamar gonar auduga. "Jiki yana cin kansa! Duk kawunan da ka aske a duniya, ka taɓa sanin haka?"

"Ni dai na san gashi yana cin reza," in ji mai aski.

"A jikin ɓeraye fa muke gwadawa, Baba, ba mutane ba," Auta ta ƙara.

"Likitar ɓeraye," Yaya ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ta so maganar ta yi zafi, amma sai Auta ta ƙyalƙyale da dariya har da tafawa, ta ce wallahi haka za ta sa a rubuta mata a ƙofar ofis. Abin haushi ke nan da Auta: ko ka jefe ta da dutse, sai ta ɗauka kyauta ce.

"A hankali, Yayarsu, za ki yanke ni," in ji Baba, ya janye ƙafar. Duk yinin nan, iyakar abin da ya ce mata ke nan.

Ba wai Yaya ba ta son ƙanwarta ba ne. Ita ta goye ta lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, ita ta bar aji, ajin da take zuwa ta ɗaya, don ta riƙe gidan sa'ad da Baba ke kan hanya da motar fasinja. Da aurenta ya mutu ta dawo ta kafa keken ɗinkinta a ɗakin gaba, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ranar da Baba ya fara kukan ƙirji, ita ta bi layin asibiti, ita ta riƙe masa riga aka ɗauki hoto, ita likita ya yi wa bayani: jijiyar ta kumbura, ba ta kai a yi aiki ba tukuna, amma kada a kuskura jininsa ya hau, ga ƙwaya nan kowace safiya. Abin da Auta ta yi shi ne ta kira daga birnin da take aiki ta ce, "Eh, Baba, maganin daidai ne, ka riƙa sha." Shi ke nan, daga ranar ƙwayar ta zama ƙwayar Dakta. Kullum Yaya za ta ɓallo ta daga takardarta, ta kawo da ruwa, Baba ya haɗiye ya ce, "Allah ya yi wa Dakta albarka." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma ya daɗe yana cinta ba ta ba shi suna ba.

*

Bayan Auta ta koma, Yaya ta jingina wayarta da ƙullin zare a kan keken ɗinki, ta rubuta kalmar nan yadda kunnenta ya ji. So take ta ga wane irin abu ne wannan da ya sa tsoho ya manta akwai mutum durƙushe a gabansa.

Sai ga wani mutum ya bayyana, farar riga ta likitoci a jikinsa, abin awon ƙirji rataye a wuya, bayansa shiryayye da littattafai. Bakinsa zuma. Kalmar Auta yake faɗa, amma shi bai ce suna nema ba su samu ba. Shi ya samu tuntuni.

"Jikinka yana da likita a cikinsa," in ji mutumin, yana nuna ta da yatsa ta cikin gilashin waya. "Yunwa ce take tashe shi. Ka ci sau ɗaya a yini, jiki zai share jijiyoyinsa da kansa, kumburi ya saɓe. Amma ƙwayoyin asibiti su suke ɗaure masa hannu. Ba za su gaya maka ba, don in ka warke wa zai sayi magani?"

A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi dafifi. Wannan ta ce mahaifiyarta ta jefar da sanda, wancan ya ce likitoci sun ga sabon hotonsa sun riƙe baki. Yaya ta kalli na biyu, ta kalli na uku, rigar da take ɗinki ta yini a ƙarƙashin allura ba ta motsa ba. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne ta gane komai, babu kalmar da ta fi ƙarfinta. Ashe abin da Auta ke ɓata shekaru a kai da ɓeraye, ga shi nan a fili kyauta. Ta fara hango ranar da za a sake ɗaukar hoto, likita ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce wa ya yi wannan aikin, ita kuma ta yi shiru ta bar Baba ya juyo ya dube ta.

Da safe ta kawo ruwa ba ƙwaya, ta zauna a gefen gado ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Baba ya saurara, sannan ya yi dariya har da tari.

"Yayarsu ke nan. Ke da almakashi, ina ke ina jijiya? Miƙo min ƙwayar Dakta."

Da ya yi faɗa, da ta haƙura. Dariyar ce ta ƙone ta. Ta ji bakinta ya buɗe kafin zuciyarta ta yanke shawara.

"Ai ita ta ce. Daktar ce ta ce in gaya maka."

Dariyar ta ɗauke. "Ita da kanta?"

"Ba ka ji daga bakinta ba? Jiki yana share kansa. Sabon abu ne suka gano, ba su fitar ba tukuna. Ta ce kada ka yi zancen ko da ita a waya, in shugabanta ya ji ta fitar da sirrin aiki, korar ta za a yi."

Baba ya gyara zama, ya rage murya kamar akwai mai laɓe a bayan labule. "Wato ni ta fara kawo wa, kafin duniya ta ji." Ya tura kofin ruwan gefe. "Kwashe ƙwayoyin. Bakina alaikum."

Ta kwashe su ta zuba a aljihun keken ɗinki, cikin maɓallai. Ta gaya wa kanta aron sunan kawai ta yi, ranar da hoto ya fito za ta mayar wa mai shi.

*

Makonnin farko abin ya yi kyau har ya ba ta tsoro. Tumbin Baba ya faɗa, ya ce jikinsa sakayau, ya fara takawa har shagon mai aski ba tare da ya tsaya hutawa a bakin kantin magani ba. Yaya ta zage, tana auna masa abinci da ido, tana hana shi ko ɗan biskit da shayi. Da yamma in ta kawo masa kwanonsa ɗaya tilo, sai ya ɗaga hannu sama.

"Yarinyar nan, Dakta, kanta ba irin namu ba ne."

Yaya takan ce, "Haka ne," ta koma kicin ta tsaya tana kallon tukunya. Yabon nata ne, amma a gidan wata ake sauke shi. Ta riƙa haɗiyewa tana cewa saura kaɗan.

Sai ciwon kai ya fara. Baba ya ce ƙeyarsa tana sara, wani lokaci yana jin bugun zuciyarsa a kunne. Yaya ta ɗauko na'urar awon jini, ta naɗa masa a dantse, ta ga lambobin sun haura inda likita ya ce kada su kusanta. Ta shiga ɗakin gaba ta buɗe aljihun keke, ta daɗe tana kallon takardar ƙwayoyin a cikin maɓallai. In ta mayar masa, me za ta ce? Dakta ta canza shawara? To ai Daktar ce za ta sake cin riba, ita ta hana, ita ta bayar. Maimakon haka sai ta rubuta wa mai farar riga tambaya a ƙarƙashin bidiyonsa. Bai amsa ba, yana da mabiya da yawa. Wata mata ce ta amsa, ta ce alamar nasara ce, datti ne yake fita, nata mijin ma haka ya yi. Yaya ta rufe aljihun, ta sa na'urar a saman kabad inda Baba ba zai gan ta ya tambaya ba.

Auta ta kira a ƙarshen mako, kamar kullum.

"Yaya, Baba yana shan maganinsa kuwa?"

"Ke da kike can, ni da nake nan, wa zai koya wa wani kula da shi?"

"Allah ya ba ki haƙuri, tambaya ce. Wallahi ba don ke ba, da ban iya zama a nan da kwanciyar hankali ba."

Ko wannan ma haushi ya ba Yaya. Ta miƙa wa Baba wayar, ta tsaya a bakin ƙofa tana ji.

"Dakta! Lafiya lau, garau nake. Abin nan naki ya karɓe ni." Ya ƙifta wa Yaya ido, shi a dole mai riƙe sirri. "A'a, ba sai na faɗa ba, ke ma kin sani."

Auta, da ta ɗauka ƙwayar yake nufi, ta ce to madalla, ya ci gaba kada ya fasa ko na rana ɗaya.

*

Da hantsi abin ya faru. Yaya tana kan keke tana kafa hannun riga, ta ji faɗuwar bokiti a tsakar gida, sannan wata irin ƙara da ba ta taɓa jin ta fito daga bakin mahaifinta ba. Ta same shi a durƙushe, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya yana laluben bayansa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Yagewa yake," ya ce da ƙyar. "Wani abu yana yagewa, daga nan har baya."

Mai aski ne ya tsayar da tasi, da tawul ɗin aiki a kafaɗarsa. A ɗakin gaggawa aka tura Baba ɗaukar hoto, aka dawo da shi da robar iska a hanci. Likitar da ke aiki, wata mata mai gajiyayyun idanu, ta ja Yaya gefe.

"Bangon jijiyar hawa-hawa ne. Na cikin ya tsage, jini ya kutsa tsakani yana raba su."

Yaya ta gane, ta sha ganin shafi ya rabu da riga.

"Za mu shiga da shi tiyata, amma ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi nisa. Jininsa ya hau sosai. Yana shan maganinsa?"

Yaya ta buɗe baki, sai Baba ya ɗaga hannu daga kan gado. Likitar ta ce ta ba su ɗan lokaci, ta tafi kiran masu tiyata.

"Matso," in ji Baba. Muryarsa ta zama siririya. "Za su tambaya wa ya ce in daina. Kada sunan Dakta ya fito. Za su kore ta, su ɓata mata suna, duk karatun nan ya tashi a banza. Ki ce ke ce. Ke ba mai raba ki da kekenki."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Yana kwance tsakanin rai da mutuwa, amma lissafinsa bai canza ba: wadda za a tsare daban, wadda za a shimfiɗa a taka daban. Kishin ya taso mata kamar kullum, sai dai wannan karon ya tarar da abin da ya fi shi girma.

"Baba, ni ce. Wallahi ni ce. Auta ba ta san komai ba, a waya na gani, na yi mata ƙarya."

Baba ya yi wani ɗan murmushi, ya lalubo hannunta ya riƙe. Rabon da ya riƙe hannunta tun tana 'yar makaranta.

"Na san ki, Yayarsu. Tun Dakta tana ƙarama in ta fasa kofi, ke kike cewa ke ce. Ina ke ina sanin irin wannan abu? Amma haka nake so, ki tsaya a kan haka."

"Baba, ka saurare ni..."

Nas biyu suka shigo suka saki birkin gadon. Ta bi su tana faɗa, tana maimaitawa, har ƙofa mai marfi biyu ta rufe a fuskarta. Bai fito da rai ba.

*

Auta ta iso da la'asar, da jakar aiki a kafaɗa, ko takalmi ba ta canza ba. A barandar asibitin Yaya ta gaya mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba: mai farar riga, aljihun maɓallai, na'urar da ke saman kabad, sunan da ta ara. Ta jira mari, ta jira zagi. Auta ta zauna a kan benci, ta sa fuska a tafin hannu.

"Da na ce masa ya ci gaba kada ya fasa," ta ce, "ashe abin da ya ji ke nan."

Ta miƙe, suka koma gida.

Washegari gidan ya cika da masu ta'aziyya. Yaya ta ƙudurta duk wanda ya tambaya za ta faɗa masa gaskiya, ta kuma faɗa. Ta gaya wa maƙwabciyarsu, ta gaya wa ƙanwar Baba. Abin mamaki, ba wadda ta ɗaure fuska. Sai su dafa kafaɗarta, su girgiza kai, su ce, "Allah sarki, Yayarsu." Ba ta gane ba sai da mai aski ya kira ta bakin ƙofa, idanunsa jawur.

"'Yata, ba sai kin wahalar da kanki a gabana ba. Marigayi ya gaya min tun farko, ina yi masa aski. Ya ce Dakta ta kawo masa sabon abu daga wajen aikinsu, sirri ne."

"Kawu, ƙarya na yi masa. Ni ce na..."

"Na sani, na sani, haka ya kamata babba ta yi." Ya share ido da bakin tawul. "Ni dai mutum biyu na gaya wa, su ma don zuciyata ta yi nauyi. Abin da aka gwada a kan ɓera, a kawo wa uba? Kai, boko! Amma ke, samun 'ya irinki sai an tona. Kin yi jinya, yanzu kuma kin ɗauki laifin wata kin aza a kanki."

Shagon aski ba ya riƙe magana, kowa ya san wannan. Kafin azahar zancen ya gama unguwa, kuma duk rantsuwar da Yaya ta yi sai ta ƙara mata daraja. Mata suka yi ta shigowa suna wuce Auta da gaisuwa a taƙaice, su zo su zauna a jikin Yaya, wannan ta riƙe mata hannu, wannan ta gyara mata mayafi. Ta ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa 'ya ɗaya marigayi ya haifa, ɗayar takarda ce kawai. Duk abin da ta shekara tana jira a faɗa, an faɗe shi a yinin nan, har an yi ƙari.

Ta ɗaga kai ta dubi ɗaya gefen falon. Auta na zaune a ƙarshen tabarma, ta haɗa gwiwoyinta, tana kallon ƙasa. Ɗakin ya cika har wasu na tsaye a bakin ƙofa, amma dama da hagun Auta akwai wurin zaman mutum biyu-biyu, ba wanda ya zauna.